Ruwan Korama a Ƙarƙashin Yashi: Mas'alar Kafa Hukumar Tarayya daga Mallawa zuwa Ƙetaren Iyaka



Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, mas'alar da na nufa in shimfiɗa a gabanku ita ce, hukumomi da yarjejeniyoyin da ƙasashenmu biyu, Nijar da Nijeriya, suka kafa domin rabon ruwa tun daga samun mulkin kai, an gina su ne bisa kogunan da ido ke gani suna malala, alhali kuwa ruwan da talakawan Mallawa da Guci da Dungas da maƙwabtansu na ƙasar Gumel suka dogara a kansa yana kwance ne ƙarƙashin yashi, ba shi da gaɓa balle a tsaya a kanta a yi musu, ba shi kuma da wani waliyyi da zai yi magana da yawunsa.

Wanda bai san ƙasar ba, in ya ji an ce Korama, sai ya zaci wani gulbi ne irin Kwara. Ba haka ba ne. Kwari ne mai tsawo da ya taso daga wajen Kance da Matamaye, ya karɓi ruwan Macaya da na Zarmu, ya gangaro kudu maso gabas ta tsakanin tuddan yashi har ya iso ƙasar Guci da Mallawa dab da iyaka. Da damina yakan yi gudu a wasu wurare, da rani kuwa sai ya tsinke ya bar tabkuna jefi-jefi da fadamu masu sanyi, inda mutum zai haƙa gaba ɗaya ko biyu ya tarar da ruwa. A nan ake noman raken da ake lodi zuwa Damagaram, da rogo da dankali da albasa da tumatir, ga dabino da mangwaro a gefen garake. Tabkin Lasuri, wanda aka shigar cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2005, yana cikin wannan yanki. Kuma saboda wannan ni'ima ne jama'a ta yi kauri a gundumomin Magarya da Matamaye da Mirya fiye da galibin ƙasar Nijar, har gona ta yi ƙaranci, manoma suka koma rainon gawo a cikin gonakinsu domin ya maye gurbin hutun da ƙasa ta daina samu.

Abin da ya kamata a tuna, domin a cikinsa akwai abin lura, shi ne iyakar nan da ta raba Mallawa da Maigatari, ruwa ne sababin zana ta a inda take. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta bar wa Faransawa hanyar da ba ta da rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram, suka yi ta kuka har aka sake zama a 1904 da 1906 aka tura layin kudu, sa'an nan Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasar tsakanin 1906 da 1908 suna kafa alamomi. Kafin zuwansu, sarautun Sosebaki, wato Dungas da Waca da Mirya, suna ƙarƙashin Damagaram tun zamanin ƙarfinta, Gumel na kallon Barno, Magarya kuwa na da nasaba da gidan sarautar Daura. Turawan nan sun ƙidaya bakunan rijiyoyi, suka ce wannan taka wannan tawa, amma tafkin da ke ƙasa, wanda dukan rijiyoyin ke sha daga gare shi, bai shiga lissafinsu ba, kuma har yau bai shiga lissafin magadansu ba yadda ya kamata.

Ba a rasa hukumomi a sama ba. Ranar 22 ga Mayu 1964 aka sa hannu a Fort Lamy, wadda ake kira Njamena yanzu, bisa kafa Hukumar Tafkin Cadi tsakanin Nijar da Nijeriya da Cadi da Kamaru, a lokacin da faɗin tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, kafin farin shekarun 1970 da 1980 ya tsotse mafi yawansa. A 2012 kuma shugabannin ƙasashen suka amince da kundin ƙa'idojin ruwan yankin. A taswira, kwarin Korama yana cikin hurumin wannan hukuma, amma tsakanin Njamena da garkar mai rake a Mallawa akwai tafiya mai nisa, wadda ba ta ƙasa kaɗai ba. A 1971 aka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijar da Nijeriya mai mazauni a Yamai, kuma a ƙarƙashin inuwarta aka ƙulla Yarjejeniyar Maiduguri ranar 18 ga Yuli 1990, wadda ta wajabta wa kowane ɓangare rabo bisa adalci, da musayar bayanai, da sanar da ɗan uwansa kafin ya fara wani aiki da zai taɓa ruwan tarayya. Sai dai ta ambaci kwaruruka huɗu ne da sunayensu: Magiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, da ƙarshen Komadugu Yobe. Ta yi maganar ruwan ƙarƙashin ƙasa, amma ta ɗaure shi da waɗannan huɗun. Korama ba ta ciki.

Ban ɗauki wannan a matsayin sakaci ba, domin kowace yarjejeniya ɗiyar rigimar da ta haife ta ce. Rigimar wancan zamani ta madatsai ce: ana gina ta Jibiya a kan Gada, mutanen Maraɗi na fargabar gulbinsu; an riga an gina Tiga a 1974, ana kan aikin Callawa wadda aka gama a 1992, mutanen Difa na ganin Komadugu na ƙanƙancewa. Wanda ya ga gulbinsa ya ƙafe yana da abin nunawa da yatsa, yana kuma da wanda zai nuna. Mutumin Korama kuwa ba a tare masa kome da siminti ba, saboda haka bai kai ƙara ba, ba a kuma rubuta sunansa ba.

Akan kawo misalin hukumar kogin Senegal, wadda Mali da Muritaniya da Senegal suka kafa a 1972, a ce ita ce zakaran gwajin dafi a Afirka, kuma gaskiya ne; amma sirrin tsayuwarta shi ne madatsun Diyama da Manantali mallakar tarayya ne, an raba kuɗin gininsu, ana raba amfaninsu, saboda haka kowace ƙasa na da abin da za ta yi hasara in hukumar ta mutu. A Korama babu ginin da za a mallaka tare. Abin da za a iya mallaka tare ɗaya ne, shi ne sanin zurfin ruwa.

A da, ƙarfin dantse ne ke iyakance abin da mutum zai ɗiba. Mai garka yakan haƙa ƴar rijiya ya kafe bakinta da itace, ya yi ta ɗiba da ƙwarya ko jigo tun asuba har hantsi, in ya gaji ya bari, rijiya ta huta ta cika. Bayan farin 1984 Shugaba Seyni Kunce ya tura jama'a noman rani da ƙarfin hukuma, a Nijeriya kuma shirin Fadama da ya soma a farkon shekarun 1990 ya watsa rijiyoyin bututu da ƙananan injuna a jihohin arewa, kayan suka tsallako ta kasuwanni kamar yadda kome ke tsallakowa. Yau samari kaɗan da ƙarfen haƙa sun isa su nutsa bututun roba a yashi cikin yini guda, a tsattsaga gindinsa a naɗe shi da raga domin kada ya sha ƙasa, a jona tiyo, a ja igiyar inji, ruwa ya fito da kaurin dantse. Irin wannan inji ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 ko 8. Saboda haka in ka shiga fadama a tsakiyar bazara ka tarar da manomi ya haƙa rami ya saukar da injinsa ciki, har ya sassaƙa matakala a jikin ramin domin ya riƙa sauka yana tayar da shi, to, ba sai ka tambayi masani ba, ramin nan shi ne shaidar cewa ruwa ya ja baya. Manomi zai ce maka "ruwa ya gudu", maƙwabcinsa da ya fi shi hali ya ƙara tsawon bututu, shi kuma ya bi sahu in yana da abin bi, in babu ya jinginar da garkar.

Akwai wata mas'ala a nan da ban ga an ba ta haƙƙinta ba. Shekaru da yawa tsadar man fetur ita ce muhtasibin fadama, domin mai inji yakan kashe shi da zarar kwami ya cika, ba don tausayin ruwa ba, don tausayin aljihu. Da aka janye tallafin mai a Nijeriya a 2023 kuwa har wasu suka rage ban ruwa. Amma inji mai aiki da hasken rana, wanda kowa ke yabo, kuma ya cancanci yabo, ba ya cin kome bayan an saye shi, saboda haka babu abin da zai sa a kashe shi tun fitowar rana har faɗuwarta. Lamarin ya zama kamar ƙwaryar fura guda da aka rufe da faifai, kowa ya zura ludayinsa ta gefe yana sha, babu mai ganin abin da ya rage. Ba ina cewa ruwan Korama ya kusa ƙarewa ba ne, domin yashi na saurin shan ruwan sama, damina mai albarka kuma takan mayar da abin da aka ɗiba. Abin da nake cewa shi ne adadin masu ɗiba na ƙaruwa a ɓangarorin iyaka biyu, ƙarfin ɗibarsu na ninkuwa, alhali babu wani zaure, ko a Dungas ko a Gumel, da ake zama a cikinsa a gwama abin da ya shiga da abin da ya fita.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan babi a buɗe ba. Mawardi a cikin Ahkamus Sulɗaniyya ya kasa ruwa kashi uku, na koguna da na rijiyoyi da na idanu, ya ba kowanne hukuncinsa. A cikin Muwaɗɗa an ruwaito hukuncin da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yanke game da rafukan Mahzuru da Muzainibu na Madina, cewa na sama ya tare ruwa gwargwadon idon sawu sa'an nan ya sake wa na ƙasa. Wanda ya duba da kyau zai ga ruhin Yarjejeniyar Maiduguri ke nan tun kafin a haifi masu rubuta ta. Risala ta Ibnu Abi Zaidi, wadda kowane almajirin zaure a ƙasar nan ya bi ta kanta, ta hana riƙe rarar ruwa domin a hana makiyayi ciyawa, ta kuma ba masu rijiyar dabbobi fifiko har su shayar, sa'an nan sauran jama'a su zama daidai a cikinta. Malam Abdullahi na Gwandu ma ya wallafa Ta'alimur Radi a kan sababan mallakar mataccen fili da harimin da ke kewaye da shi. Amma wurin da ya fi shafar mas'alarmu shi ne mazhabar Imamu Malik game da harimin rijiya, domin shi bai yanka masa wani adadin kamu ba, ya rataya shi ne ga cuta: duk haƙar da za ta janye ruwan rijiyar da ta riga ta, ana hana ta, ko da a cikin mallakar mai haƙar ne a wajen da yawa daga malaman mazhaba.

Wannan ƙa'ida ta fi kowane adadi dacewa da ƙasar yashi, sai dai tana da sharaɗi mai nauyi, shi ne cuta ba ta tabbata a gaban alƙali sai da hujja, hujja kuwa a sha'anin ruwan da ba a gani ba ta samuwa sai da awo. In mai garka ya zo gaban sarki ya ce injin wane ya ƙafar masa da rijiya, wane kuma ya ce ƙarancin damina ne, da me za a raba su? Rantsuwa ba ta da amfani a nan, domin kowannensu na iya rantsewa bisa gaskiyar zuciyarsa. Saboda haka hukuncin yana nan a littafi, mai yanke shi yana nan a fada, abin da ya ɓace shi ne ma'auni.

Dokokin Nijar na zamani ma haka suka tsaya a bakin wannan gaɓa. Kundin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993 ya haifar da kwamitocin filaye da ake kira kofo, waɗanda aka fara gwada su a Mirya da Maine Sorowa, suka sauko daga gunduma zuwa ƙaramar hukuma zuwa ƙauye, inda mai gari ke shugabanta, ga wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa. Zaɓen 2004 ya ba Mallawa da ire-irenta majalisa da magajin gari. A 2010 aka fitar da dokar ruwa da dokar kiwo, wadda ta tabbatar da cewa yawon makiyayi haƙƙi ne. A 2011 aka ɗaga Dungas ta zama gunduma. An kasa ƙasar kashi bakwai ta fuskar kula da ruwa, ɗaya daga ciki shi ne Korama da Damagaram da Muniyo. A 2017 kuma gwamnati ta amince da babban tsarin tafiyar da albarkatun ruwa. Duk wannan alheri ne. Amma kofo tana ba da takardar gona, tana shata burtali, aikinta a bisa doron ƙasa yake. Kwamitin famfo kuma yana karɓar kuɗin jarka yana ajiyewa domin ranar lalacewa, in Allah ya sa an tarar da su a akwati. Zurfin ruwa ya faɗa tsakanin su biyun.

Makiyayi shi ne ya fara ɗanɗana wannan giɓi. Duk shekarar da tabki ya ja baya, laka mai kyau takan bayyana a gefensa, mai garka ya matsa da shingen ƙaya ya bi ta, na kusa da shi ma ya matsa, har zoben ya rufe, garken da ya taso daga arewa zai gangara kudu, ko wanda ake kora wa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, ya iso ya tarar mashayar da ubansa ya sani ta zama fagen albasa. Daga nan sai ɓarna, sai tara, wani lokaci sai abin da ya fi haka muni. Ardo zai ce an toshe mashaya, mai garka zai ce gadonsa ne, kuma asalin abin, wato ja da bayan ruwa, babu mai ambatonsa a wurin sulhu.

Maƙwabtanmu na Haɗeja sun riga mu shan wannan darasi ta wata fuska. Bayan Tiga da Callawa sun canja yanayin ambaliya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, wasu garuruwa suka nutse wasu suka bushe, sai da aka yi ƙididdigar ruwan kwarin gaba ɗaya, aka tara manoma da masunta da makiyaya ana jin ta bakinsu, kafin gwamnonin Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Barno da Filato su haɗu a Damaturu a 2006 su kafa asusun amana. An yi aiki, amma bayan ɓarna ta riga ta auku.

Abin da nake ba da shawara ƙarami ne, har ina jin nauyin faɗarsa a gaban masana. A zaɓi rijiyoyi kaɗan a kowace ƙaramar hukuma ta kwarin, waɗanda ba a sa musu inji ba, wasu a fadama wasu a tudu. A ɗora wa wani amintacce, malamin makaranta ne ko na allo, ya riƙa zura igiya mai alama ranar ɗaya ga kowane wata da sassafe kafin mata su fara ja, ya rubuta a littafi biyu, ɗaya a ofishin magajin gari ɗaya a fadar sarki, da boko da ajami. A kuma riƙa shelanta adadin a kasuwa ko bayan sallar Juma'a, domin ilmin da aka kulle a ofis ba ya hana kowa ƙara bututu. A nemi ƴan uwanmu na Maigatari da sauran ƙasar Gumel su yi haka a rana ɗaya da ma'auni ɗaya. Sau biyu a shekara, bayan kaka da kuma tsakiyar bazara, a zauna a gwama littattafan, zama ɗaya a wannan ɓangare ɗaya a wancan. In an shekara uku ko huɗu ana haka, majalisar masu wannan zama za ta sami bakin magana a kan tazarar da ta kamata tsakanin bututu da bututu, da faɗin mashayar da ba a shingewa ko tabki ya ja baya, kuma a lokacin ne wakilanmu za su iya zuwa Yamai da hujja a hannu su nemi a ƙara Korama a kan kwarurukan nan huɗu.

Na san abin da za a ce. Za a ce siyasa ba ta bari, tun da Nijeriya ta rufe iyaka daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, aka sake rufe ta a 2023, Nijar kuma ta fice daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Wannan a wurina dalili ne na ƙulla abin a ƙasa, domin a duk tsawon rufewar nan ba a daina auratayya da ta'aziyya da gaisuwar sarakuna tsakanin ɓangarorin ba, kuma igiyar awo ba ta bukatar izinin jakada. Za a ce sarakuna da attajirai su ne masu manyan garake, ba za su yi wa kansu hukunci ba. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, maganinta kuwa shi ne kujerar ardo da ta mata masu ɗiban ruwan sha su zama na haƙiƙa, su zaɓi wakilansu da kansu, a kuma karanta adadin a bainar jama'a inda ba ya ɓoyuwa.

Shubuhar da ta fi ba ni tsoro ita ce ta talaka, wanda tarihi ya koya masa cewa duk abin da hukuma ta fara ƙirgawa, haraji na biye da shi. In ya zaci awon rijiya share fagen kuɗin inji ne, zai ɓoye bututunsa ya rufe shi da kara, littafin kuma ya cika da ƙarya. Saboda haka wajibi ne a yi alkawari a fili cewa ba a ƙirga injin kowa, ruwa kaɗai ake aunawa, ɗan abin da za a ba mai awo kuma ya fito daga kuɗin da ƙaramar hukuma ta riga ta saba karɓa a kasuwa, kada a jingina shi ga wani shiri na baƙi mai wa'adin shekara biyar, wanda ranar da motocinsa suka tafi littafin zai rufe.

Roƙona ga ma'aikatan ruwa na jahar Damagaram da ke zaune a nan shi ne, rijiyoyin siminti da hukuma ta gina a ƙauyukan nan tun shekarun 1960, da burtsatsen da suka biyo baya, galibinsu an rubuta zurfin ruwansu ranar da aka gama su. A fito da waɗannan takardu, a ware na Mallawa da Guci da Dungas da Dogo-Dogo, a miƙa wa kowace ƙaramar hukuma kofinta, domin mai awo na farko ya san inda ruwa yake a zamanin kakansa kafin ya zura igiyarsa.